Jitar Bes da Amfilifaya a Kano: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Saita, Ka Sayar

Da wuya mako ya wuce wani bai tare ni ba, ko a ƙofar sitidiyo ko bayan an tashi daga wajen biki, da tambayar nan: "Yaya, ina son in fara kaɗa bes, wacce zan saya, kuma nawa zan tanada?" Wasu kuwa sun riga sun saya, kuka suke kawowa. Wannan wuyan jitarsa ya lanƙwashe, wancan amfilifayarsa gurnani take yi kamar tsohon injin markaɗe, wani kuma an aiko masa da kaya daga Legas ya buɗe kwali ya ga ba abin da aka nuna masa a hoto ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin mu fara, ka san garin da kake. A Kano hunturu da wutar lantarki sun fi yawan kiɗa kashe kayan kiɗa. Masu gyaran jita kuma ƙalilan ne, domin yawancin waƙoƙinmu a kan fiyano ake haɗa su, har muryar bes ɗin. Duk wanda ya sayi bes a garin nan, dole ya zama rabin mai gyara.

1. Raba kuɗinka tun a gida

Kuskuren farko shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan jita, ya dawo gida ba abin da zai jona ta. Bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ba ta da murya sai da amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta fitar da shi ta lasifika. Ni dai rabona kullum haka yake: kashi 40 jita, kashi 40 amfilifaya, kashi 20 ƙananan kaya, wato kebur guda biyu, sabbin tsirkiyoyi, jaka mai soso, maɗaurin kafaɗa, sitabilaiza da kayan saiti.

Farashi da dala yake tafiya, don haka kada ka riƙe kuɗin da abokinka ya sayi tasa bara. Ga ma'auni mai sauƙi: sabuwar bes ta masu koyo daga kamfanin da aka sani tana kaiwa wajen dala 200 zuwa 300 a ƙasashen waje. Ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin dako da ribar mai shago.

*Hattara:* in aka ce ga jitar kamfanin Fender ƙirar Amurka a ƙasa da wannan kuɗi, ko jabu ce ko ta sata.

2. Wace irin bes?

Tsirkiya huɗu ko biyar? Mai huɗu ana saita ta E, A, D, G, wato haruffan sautin tsirkiyoyin daga mafi kauri zuwa mafi siriri, kuma ita nake ba mai koyo shawara: wuyanta siriri ne, tsirkiyoyinta sun fi araha da sauƙin samu. Mai biyar ta ƙara B ta ƙasa. In kiɗan coci za ka yi a Sabon Gari, ko za ka riƙa bin mai fiyano da ke yawan ɗaga sautin waƙa ko sauke shi, mai biyar za ta hutar da kai, kuma ta fi saurin shiga in ka tashi sayarwa. Amma B ɗin nan tana bukatar lasifika mai ƙarfi, in ba haka ba sai ka ji ta kamar tusar jaki.

Sai maganar batir. Akwai bes mai ɗauke da batir na bolt 9 a bayanta, akwai marar batir. Mai batir tana da kaifin murya da maɓallan gyaran sauti, sai dai ranar da batirin ya mutu a tsakiyar biki, ranar za ka san darajar marar batir. In ka zaɓi mai batir, ka zare kebur duk sanda ka ajiye ta, domin muddin yana jone tana shan batir ko ba a kaɗawa.

Fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, iri biyu ka fi haɗuwa da su. Na ƙirar Precision rabe yake biyu, muryarsa kauri gare ta, kuma ba ya kwasar ƙugin wuta. Na ƙirar Jazz dogaye ne guda biyu, muryarsu ta fi fita tar, amma in ka buɗe ɗaya kaɗai yakan yi ƙugi. Ka buɗe su duka daidai sai ƙugin ya ɗauke. A gidajenmu da wayarin ɗinsu sai a hankali, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sunayen da ba sa ba da kunya a ƙaramin kuɗi: Yamaha TRBX, Ibanez GSR da SR, Squier, Cort Action. In aljihu ya ɗan yi nauyi, Sire. Tsohuwar Yamaha mai tabo a jiki ta fi mini sabuwa fil mai ƙyalli wadda ba wanda ya taɓa jin sunan kamfaninta.

3. Duba ta da hannunka kafin ka taya

Shagunan kayan kiɗa a Sabon Gari suka fi yawa. Kada ka je ranar Lahadi, masu su suna coci. Ana kuma samun na hannu wajen 'yan sitidiyo na Zoo Road, da kasuwar intanet ta Jiji, da Facebook, ko a sa a aiko daga kasuwar Alaba ta Legas. Ko ina ne, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa, da keburinka, da sabon batir. Sannan ka bi wannan jeri, kada ka tsallake:

Fara da wuya, domin shi ne jitar. Sauran duk ana canjawa. Ka ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ka duba daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne murɗewa, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa a nan, ka ajiye musu abinsu ko da kyauta ce.

Na biyu, sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta don miƙe shi. Ka nemi mai kaya ya juya ta kaɗan a gabanka, hagu da dama. In ta ƙi motsi, ko bakin notin ya cinye har alanki yana zamewa, ciniki ya ƙare. Da yawa daga cikin na hannun da ake karyarwa da araha, nan ciwonsu yake.

Na uku, ka danna kowace tsirkiya a kowane firet, wato ƙarafan nan da ke kwance a kan wuya, tun daga na farko har na ƙarshe. Ƙara a ko'ina yawanci saiti ne kawai. Ƙara a wuri ɗaya tak, alamar firet ɗin ya tashi ko ya cinye. Ka kuma shafa gefen wuya a hankali: in bakunan ƙarafan suna kartar hannu, katako ya sha hunturu ya tsuke. Ana goge su, amma dalili ne na neman ragi.

Na huɗu, jona ta. Juya kowane maɓalli, ka girgiza kebur a bakin jak, wato ramin da ake jona shi. Ƙaras-ƙaras a nan ƙaramin aiki ne, duk mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai yi maka. Ka duba ramin batir ko ya taɓa zubar da ruwa ya ci wayoyi.

Na ƙarshe, haɗin wuya da jiki da bayan kan jita, ko akwai tsaga. Ka ɗauki hoton lambar da ke bayan kai. Fender ƙirar Meziko ta 'yan shekarun nan lambarta da MX take farawa, ta Amurka kuma da US. Tambarin da aka manna a karkace, ko lambar da aka kankare, sun ishe ka amsa.

*Hattara:* sayen kaya daga nesa cinikin biri a sama ne. In ba makawa, a yi kiran bidiyo a kaɗa ta kana gani, a nuna maka lambar, kuma ka sa wani naka a can ya karɓa da hannunsa kafin ka tura cikon kuɗi. A sassauta tsirkiyoyi kaɗan, a naɗe kan jitar da kyau kafin a ba direba.

4. Amfilifaya: ƙarfi, lasifika da om

Kada ka jona bes a amfilifayar jita ta yau da kullum ka ƙure murya. E ta ƙasa tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, B kuma wajen 31. Ƙaramar lasifikar jita ba a yi ta don wannan girgiza ba, yagewa za ta yi.

Don koyo a ɗaki, wat 15 zuwa 40 ya isa, musamman mai wurin sa abin kunne, saboda maƙwabta da masallacin unguwa. In za ka tsaya kusa da mai ganga a coci ko ɗakin taro, ka nemi wat 200 zuwa sama, da lasifika mai inci 15 ɗaya ko masu inci 10 guda biyu. Ka fi son wadda ke da mafita mai ƙafa uku a baya ta tura sauti zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin dukan makaɗa; da ita ƙaramar amfilifaya ma sai ta yi babban taro, domin manyan lasifikan wurin ne za su ɗauki nauyi. Peavey, Hartke, Laney, Ampeg da Fender Rumble duk suna yawo a hannun makaɗa. Tsofaffin Peavey nauyi gare su kamar buhun siminti, amma suna jure wahala, kuma masu gyara sun san cikinsu. Sabbin marasa nauyi daɗin ɗauka gare su a adaidaita sahu, sai dai in allon cikinsu ya ƙone, samun madadinsa aiki ne.

Lambar da aka rubuta a goshi ba kullum ita kake samu ba. Rumble 500, alal misali, wat 350 take bayarwa da lasifikanta na ciki, sai ka ƙara mata wani akwatin lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta) sannan ta cika 500. To ga lissafin om ɗin, wanda rashin saninsa ya ƙona kayan mutane da yawa: akwati biyu masu om 8 in aka jona su tare sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama om 2. A bayan kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da za ta ɗauka, galibi 4. Ka sauka ƙasa da haka, za ta yi zafi ta mutu.

Wajen gwaji, ka bar ta a kunne aƙalla minti 15 kana kaɗawa, domin wasu cututtukan sai ta ɗumama suke fitowa. Ka ɗaga murya ka riƙe E a buɗe, ka saurari ko lasifika na karkarwa. Ka sunsuna bayanta. Ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Ka duba sukurori ko an sha kwance ta, ka kuma zaro fiyus: in ka tarar an naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, ka san irin riƙon da ta sha.

*Hattara:* keburin jita daban, na lasifika daban, ko da bakinsu iri ɗaya ne. Na jita siriri ne a ciki, in ka sa shi tsakanin amfilifaya da akwati zai yi zafi. In kuma ka ci karo da tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, wato mai ƙwayayen gilashi a ciki masu kama da ƙwan fitila, kada ka taɓa kunna ta ba lasifika a jone.

5. Wuta

Nan na fi son ka nutsu. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan hannu da yawa daga can suke zuwa, kuma filoginsu na shiga soket ɗinmu da 'yar adafta, ba abin da zai hana ka. Kafin ka jona komai, ka juya bayansa ka karanta. In an rubuta 100 zuwa 240, ba matsala. In akwai ɗan makunnin sauya bolt, ka tura shi kan 230, ka duba fiyus ɗin da aka ce ya dace da shi. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja.

Na ga wannan da idona. Wani yaro da ke ɗaukar mana kaya ya karɓi amfilifayar da muka kwana biyu da saye, ya cire taransifomar don ya ga ta yi nauyi, ya jona kai tsaye. Ƙara ɗaya muka ji, sai hayaƙi. Tun daga ranar nake manna jar takarda a kan filogin duk wani abu mai bolt 120.

Sitabilaiza dole ce, ba ado ba. In da janareta ake aiki, ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe kafin a sauya layi ko mai ya ƙare. Kada ka raba soket da firiza ko injin ruwa. Kada kuma ka karya ƙafar filogi ta uku don maganin ƙugi, kamar yadda wasu ke yi: tsirkiyoyin da ke hannunka haɗe suke da jikin amfilifaya, ranar da wuta ta zube a ciki ta jikinka za ta bi. In ka ji ɗan cizo a leɓe lokacin da ka kusanci makirufo kana riƙe da jita, a tsaya a nemo mai wayarin.

6. Saiti, kuma a jere

Kayan aiki: alanki daidai da notin jitarka, ƙaramin sukundireba, filaya mai yanka waya, rula mai milimita, manhajar saita sauti a waya, da ma'aunin siraran ƙarafan nan da makanikai ke gwada bakin filogi da shi. In ba ka samu ba, katin adireshi na takarda ya kusa. Katin ATM ya yi kauri, ya haura rabin milimita.

Jerin yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana taɓa na bayansa.

*Tsirkiya.* Sa sabbi tukuna. Saiti a kan tsofaffi ɓata lokaci ne. Mai lambar kauri 45 zuwa 105 a jikin fakiti ita ce tsaka-tsaki. Ka canja ɗaya bayan ɗaya. Ka bar tsawon kamar inci 4 bayan kunnen da ke kan jita inda za ta naɗu, ka lanƙwasa ta kafin ka yanke, ta yi zagaye biyu ko uku tana gangarowa ƙasa. Jabun D'Addario da Ernie Ball sun cika kasuwa. In arahar ta yi yawa, mako biyu za su yi su dushe.

*Lanƙwasar wuya.* Bayan ka saita sauti, ka danne E a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda. Ka sa wani ya riƙe maka ɗaya. Ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da saman firet na 8. Ana son wajen milimita 0.3. In ta fi haka, ɗaure sandar ciki zuwa dama. In tsirkiya ta kwanta a kan firet, sassauta zuwa hagu.

*Hattara:* rubu'in zagaye kawai a lokaci ɗaya, sannan ka sake saita sauti, ka ba katako 'yan sa'o'i ya zauna. In ka ji ta cije, ka tsaya. Wanda ya sa ƙarfi ya karya sandar nan ya sayi itacen girki mai tsada.

*Tsayin tsirkiya.* A gadar da ke ƙasan jiki kowace tsirkiya na da sirdinta mai ƙananan sukurori biyu. Ka auna a firet na 17: wajen milimita 2.4 a gefen E, milimita 2 a gefen G. Mai nauyin hannu ya ɗan ɗaga, mai taushin hannu ya ɗan sauke. Kada ka nemi gyara lanƙwasar wuya daga nan, ko tsayin tsirkiya daga sandar ciki. Kowanne da aikinsa.

*Tsayin fikof.* Danne firet na ƙarshe, ka bar kamar milimita 3 tsakanin tsirkiya da fikof, sannan kunne ya yi sauran aikin har ƙarfin tsirkiyoyin ya zo ɗaya. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya murya ta yi rawa.

*Daidaiton sauti.* Saita tsirkiya a buɗe, sannan ka danna firet na 12. Harafi ɗaya ya kamata manhaja ta nuna, allura a tsakiya. In ta haura, ja sirdi baya, nesa da wuya. In ta gaza, tura shi gaba. Sake saitawa, sake gwadawa, har ta zauna.

A Kano sau biyu a shekara za ka sake duba wuyan: in hunturu ya kankama wajen Disamba, da in damina ta zauna wajen Yuli. Bushewa kan ƙara lanƙwasa, tsirkiya ta yi sama. Danshi kan miƙar da shi, ta fara ƙara.

7. Kunnawa da ajiya

Murya a sifili, jona jita, amfilifaya ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa. Maɓallan sauti duk a tsakiya. Masu koyo kan ƙure na kaurin murya su kashe na matsakaiciyar murya; a ɗaki daɗi, a taro sai ka ɓace a ƙarƙashin ganga da fiyano. Na tsakiyar nan shi ke sa a ji ka.

Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, gumin bazara gishiri ne. Jita ta kwana a jakarta, nesa da taga, kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana a watan Afrilu. Amfilifaya a lulluɓe ta saboda ƙura, amma a yaye in tana aiki.

8. Sayarwa da musaya

Ranar saye ake shirya ranar sayarwa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kaya, ka adana duk abin da ka cire na asali, kada ka yi mata fenti ko ka huda jikinta. Kuɗin da ka kashe wajen ƙawata ta ba ya dawowa.

Kafin ka fitar, ka wanke ta, ka saita, ka ɗauki hoto da rana: gaba, baya, kai, lamba, da duk wani tabo. Faɗi aibin da bakinka. Makaɗan garin nan ba su da yawa, kowa ya san kowa, wanda ya ɓoye tsaga sau ɗaya ya daɗe bai sake sayar da ko kebur ba. Ka ɗora ɗan abin ragi a kan farashi, domin ba mai saye bai taya ba, kuma ka san inda za ka ce albarka. Kasuwa ta fi motsi gab da Kirsimeti da lokutan bukukuwa. A watan azumi takan yi sanyi, lokacin saye ne ba na sayarwa ba. Jita da amfilifaya in ka raba su sun fi kawo kuɗi, in ka haɗa sun fi saurin tafiya.

Mai shago zai saya ƙasa da abin da makaɗi zai ba ka, tunda shi ma riba zai nema. In dillali ne ya kawo mai saye, a yanke la'adarsa tun kafin a fara, a kuma san wa zai biya. A musaya, irin ta ba ni gishiri in ba ka manda, a yi wa kowane kaya kuɗi daban tukuna sannan a fitar da ciko, kuma ka duba nasa kamar yadda aka bi a mataki na 3 da na 4.

*Hattara:* ku haɗu a shago ko sitidiyo inda akwai wuta da mutane, ba a ɗakinka ba. Saƙon alat ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga sun zauna kafin kaya su bar hannunka. In kafin alƙalami aka bayar, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Sannan ku rubuta 'yar takarda mai sunan kaya, lambarsa, kuɗi da kwanan wata, ku sa hannu da shaida ɗaya, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa.